Ƙarar Fanka a Saƙon Issoufou

Issoufou ya tafi aikin Arfa a shekarar da zafi ya yi tsanani, bai dawo ba. Wani ɗan kwangila ne ya kwashe su a bayan mota, ya kai su rabon abinci a hemomin alhazai. Da aka watse kowa ya koma gida, sai shi. Waɗanda suka tafi tare sun ce sun gan shi da hantsi yana ɗauke da kwalayen shinkafa a ka, amma bayan azahar ba wanda ya ƙara sa shi a ido. Ɗan kwangilar ya kashe wayarsa. Matarsa Zali ba ta iya zuwa wajen 'yan sanda cigiya ba, domin ita ma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, kamar mijin. Mutanen unguwarsu ta Nakkasa, a Makka, suka yi ta ba ta haƙuri, suna cewa ai kama shi aka yi, yana gidan tarhil inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, watarana za a ji ya kira daga Damagaram. Zulhajji ya ƙare, Muharram ya wuce, bai kira ba.

Cikin waɗanda abin ya dama akwai Muhannad. Shi haihuwar Makka ne, kakansa ne ya zo daga Kano, kuma Larabci ya fi masa sauƙi a baki, Hausa sai da mahaifiyarsa Khadijatu da suke zaune tare a unguwar Utaibiyya. Yana aiki da wani kamfani mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da manyan ɗakunan sanyi na shaguna. A kan aikin ya san Issoufou. Duk lokacin da aka kira shi saman Nakkasa, inda mota ba ta kaiwa, Issoufou ne ke goya masa na'urar a baya ya hau da ita matakala. Issoufou ya girme shi sosai, amma jininsu ya haɗu.

Akwai kuma abin da ya haɗa su wanda ba sa faɗa a gaban kowa, wato cacar ƙwallo. A ɓoye ake yin ta, a shafukan waje da aka toshe, kuma kowa ya san hukuncinta a addini da a hukuma. Muhannad yana da wata manhaja a waya da yake bin sakamako da ita. Ita ba ta karɓar caca. Aikinta kawai ka shigar da wasan da ka zaɓa da ƙungiyar da ka bi, in an tashi sai ta shafa wa layin kore ko ja, a ƙarshen wata ta zana maka yadda ka hau ko ka gangara. Ana iya buɗe ɗaki a cikinta da aboki, kowa ya riƙa ganin zaɓin ɗan'uwansa. Muhannad ya cirar wa Issoufou layin waya da sunansa, tunda marar iƙama ba a sayar masa, ya sa masa manhajar, ya shigar da shi ɗakin. Issoufou bai yi boko ba. Tambarin ƙungiya yake dannawa, sannan a wurin da ake rubuta bayani sai ya naɗi murya. Yakan fara da gyaran murya, sannan ya ce, "Muhannad, yau kam mu ne." Wahda yake bi kullum, ƙungiyar gari, ko tana ci ko ana cin ta.

Tun da Issoufou ya ɓace Muhannad bai sake sha'awar cacar ba. Manhajar dai tana nan a wayarsa, bai goge ba.

Ranar da aka dawo gasar ƙwallo bayan hutu, yana kan rufin wani otal kusa da azahar, rana ta gasa ƙarfen da yake kwancewa, wayarsa ta yi motsi a aljihu. Ya ciro. Manhajar ce, tana sanar da shi cewa Issoufou ya shigar da sabon wasa.

Ya zauna a inuwar tankin ruwa yana dariya shi kaɗai. Ashe mutumin yana raye! Nan take ya kira lambar. Muryar mace ta kamfanin waya ta ce layin ba ya aiki. Ya sake kira, amsar ɗaya. Ya koma cikin manhajar. Tambarin Wahda ne, kamar kullum, wurin da ake rubuta kuɗin da aka zuba a cacar kuma fayau, ba komai. A ƙasa akwai saƙon murya. Ya danna ya kara a kunne. Ba magana a ciki. Wani gurnani ne mara yankewa, irin na inji, da wani ɗan ƙas-ƙas da ke dawowa a kai a kai. Ya yi tsammanin ko a aljihu wayar ta danne kanta. Ya rubuta masa, "Fenak ya Issoufou? Kana ina? Matarka tana nemanka." Ba amsa.

Mako ya zagayo, aka sake shigar da wasa da sunan Issoufou, da saƙon murya mai gurnani iri ɗaya. Wannan karon Muhannad ya biya ofishin kamfanin waya, tunda layin da sunansa yake. Ma'aikacin ya duba ya ce tun ranar Arfa layin bai kama na'ura ko sau ɗaya ba, an ma dakatar da shi. Muhannad ya fito ya daɗe a cikin mota bai tayar ba. Ya gaya wa kansa cewa manhaja ba sai da layi take aiki ba, wani ne ya tsinci wayar yake wasa da ita a inda akwai intanet. Amma bai ga dalilin da zai sa matsinci ya jira ranar wasan Wahda ba.

Bai san yadda zai kai wa Zali maganar ba, sai ya bi ta kan mahaifiyarsa. Hajiya Khadijatu ta saurare shi tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba har ya gama.

"Caca, Muhannad?" ta ce.

"Na bari, Ummi. Wallahi na bari."

"Wannan tsakaninka da Ubangijinka. Yanzu maganar baiwar Allah nan ce a gabanmu. Ka kira mini ita."

Zali ta zo washegari bayan la'asar. An riga an rushe layinsu a Nakkasa, tana raɓe a ɗakin wata 'yar garinsu. Doguwa ce, ta rame, ta zauna a bakin tabarma ba ta taɓa shayin da aka ajiye mata ba. Muhannad ya tsaya daga bakin ƙofa yana kame-kamen yadda zai bayyana mata manhajar, sai ta katse shi.

"Na san shina yi, Malam Muhannad. Ina jin shi in shina magana da waya. Ka kunna mini dai."

Ya miƙa wa mahaifiyarsa wayar, ita ta miƙa mata. Gurnanin ya cika ɗakin. Zali ta saurara har ƙarshe, ta ce a maimaita. A karo na biyu ta manna wayar a kunne, ta rufe ɗaya kunnen da tafin hannu.

"Shi ne," ta ce. "Mai gidana ne."

"'Yata, ba kowa a ciki," in ji Hajiya. "Ƙarar inji ce."

"Inna, ki ji can ƙarshe. Shina gyara murya. Haka yakan yi in za shi magana."

Muhannad ya karɓa ya kai ƙarar har ƙarshenta. Gab da saƙon zai yanke, a ƙarƙashin gurnanin, akwai wani ɗan sauti kamar na mutumin da ya buɗe baki zai yi magana. Ya ce mai yiwuwa ƙofa ce ta motsa. Zali ba ta yi masa musu ba. Ta gyara mayafinta, ta ce ita dai a nemo mata inda yake, ko a wane hali ne.

Bayan kwana biyu yana zaune a bayan motar kamfani tare da abokin aikinsa Nasir, suna cin ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, a leda ɗaya. Ya sake kunna saƙon a hankali, yana tsammanin Nasir ba ya ji. Nasir ya tsaya da tauna.

"Bandar ne ya turo maka?" ya tambaya.

"Wane Bandar?"

"Mai kula da ɗakin gawa na asibitin nan na hanyar Arfa. Ai fankarsa ce wannan. Ka ji ƙas-ƙas ɗin? Bakin sandar ne ya cinye. Tun kafin hajji na je na duba, na rubuta a kawo sabuwa, har yau ba ta iso ba. Kullum sai ya kira ni. Yanzu kuma kai ya koma wa?"

Muhannad ya ajiye gurasar da ke hannunsa. Ya ce, "Ka tabbata ita ce?"

"Fankar da na tsaya a ƙarƙashinta rabin yini? Me ya same ka, ya sheikh? Fuskarka ta canja."

Muhannad ya mayar da wayar aljihu. Da aka tashi hutun rana ya ɗauki jakar kayan aiki ya tafi shi kaɗai. Titin ya yi fayau, kwalta tana ɗaukar ido, ba kowa a waje sai motocin ruwa. Da rigar kamfani a jikinsa ba wanda ya tare shi a ƙofar baya. Ya bi wani dogon lungu mai gangara, sanyi yana ƙaruwa, kuma tun kafin ya kai ƙofar ƙarfen ya fara jin gurnanin, da ƙas-ƙas ɗin, daidai yadda suke a wayarsa. Ya tura ƙofar ya yi sallama.

Bandar dattijo ne mai furfura a gemu, sanye da rigar sanyi a tsakiyar zafin Makka. Ya amsa da murna, ya ɗauka kayan gyara ne suka iso. Muhannad ya ce a'a, maƙwabcinsa yake nema, baƙin mutum, ɗan Afirka, wanda ya ɓace ranar Arfa.

Bandar ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya ja kujera ya kunna kwamfuta. Ya ce akwai waɗanda aka kawo ranar ba takarda a jikinsu, an ɗauki yatsunsu ba a same su a ko'ina ba. Wasu an gane su daga baya, wasu suna nan ana jiran izinin binne su ba suna. Ya riƙa wuce hotuna ɗaya bayan ɗaya. Muhannad ya ce ya tsaya.

"Ka san shi?"

"Ina so in gan shi."

Bandar ya yi bisimilla ya jawo wata durowa ta ƙasa, wadda take daidai ƙarƙashin fankar. Issoufou ne. Sanyi ya sa fatarsa ta yi toka-toka, amma ga tsagar da ke gefen idonsa, ga haƙorinsa na gaba da ya karye. Bandar ya ce a gefen hanya aka same shi, zafi ne ya buge shi, bai kai asibiti da rai ba.

"Wayarsa fa?" in ji Muhannad.

Bandar ya buɗe wani kabad ya ɗauko jakar leda mai hatimi, ba a taɓa ɓalle ta ba. A ciki akwai carbi, da hula, da wayar. Batirin ya kumbura har ya ɗaga bayanta, gilashin ya tsage ya yi baƙi.

"A haka ta zo," in ji Bandar. "Rana ce ta dafa ta. Mun so mu kunna ko za mu samu lambar wani, ko motsi ba ta yi ba."

A daidai lokacin wayar Muhannad ta yi motsi a aljihunsa. Bai taɓa ta ba. Ya tsaya ya ba Bandar cikakken sunan mamacin, ya saurari bayanin cewa sai wani na jininsa ko matarsa ta zo ta shaida a gaban hukuma kafin a saki gawar da sunanta. Ya yi godiya ya fito.

Sai da ya shiga mota ya rufe ƙofa sannan ya duba. An shigar da wasan Wahda na yammacin ranar. Ya daɗe yana kallon saƙon muryar kafin ya danna. Gurnanin ya fara, da ƙas-ƙas. Sai aka ji ƙarar ƙofar ƙarfe ta buɗe, aka ji wani ya yi sallama, muryar tana zuwa a dushe kamar daga bayan ƙarfe ake jin ta. Muryarsa ce, shi Muhannad. Ya ji Bandar ya amsa, ya ji takun ƙafa yana matsowa, ya ji an yi bisimilla kusa-kusa, sannan ƙarar durowa da aka jawo. A nan saƙon ya yanke.

Bai gaya wa kowa wannan saƙon ba, har mahaifiyarsa.

Da yamma Hajiya Khadijatu ce ta gaya wa Zali. Zali ta yi salati, ta kifa kanta a cinyar Hajiya ta yi kuka mai tsawo mara sauti. Da ta ɗago, Muhannad ya yi mata bayanin abin da Bandar ya ce, bai ɓoye mata komai ba. In ta je ta shaida, za a tambaye ta takardunta. In ba ta je ba, za a binne shi duk da haka, da sutura da salla, sai dai ba da sunansa ba.

"Ki yi tunani, 'yata," in ji Hajiya. "Shi ya riga ya tafi. Ke kuma nan kika sani, nan kika saba. In suka rubuta sunanki, zamanki ya ƙare."

"Inna, mutum ya yi ta kira tun daga can," in ji Zali. "In ƙi zuwa?"

Da safe Hajiya ta sa abayarta ta raka ta, Muhannad ya tuƙa su. Zali ta shiga ɗakin da ƙafarta, ta dubi fuskar mijinta, ta ɗaga kai ta dubi fankar da ke juyi a samansa, sannan ta faɗi sunansa da na mahaifinsa da na garinsu a gaban jami'in da ke rubutawa. Jami'in ya tambaye ta iƙama, ta ce babu. Ya ajiye biro ya yi mata ta'aziyya tukuna, sannan ya ci gaba da rubutu.

Takardu sun ɗauki kwanaki. An sallace shi a Harami bayan azahar tare da wasu gawawwaki, aka kai shi maƙabartar Shara'i. Mutanen Nakkasa da suka warwatsu a unguwanni sun zo da yawa, har waɗanda ke tsoron fita da rana. Muhannad na cikin waɗanda suka shiga ramin suka karɓe shi. Ranar wasan da ya biyo baya ya zauna da wayar a hannu tun daga la'asar har aka tashi. Ba abin da ya shigo. Ya fita daga ɗakin da suka buɗe, ya goge manhajar.

Zali an ba ta wa'adi ta bar ƙasar. Ta yi kwanakin da suka rage mata a ɗakin Hajiya, tana takaba, ba ta fita ko ƙofar gida. Ranar tafiyarta ta roƙi abu ɗaya, a ba ta jakar ledar nan. Ta cire carbin da hular ta sa a kayanta, wayar kuma ta miƙa wa Muhannad ta ce ya san inda zai kai ta, ita ba za ta shiga jirgi da ita ba. Ya kai ta wurin da kamfaninsu ke zubar da matattun batura.

Sabuwar fankar ta iso bayan tafiyarta. Nasir ya ce su je tare, Muhannad ya ce zai iya shi kaɗai. Ya hau tsani ya kwance tsohuwar, ya ɗaura sabuwar, ya kunna. Ta tashi sumul, sai iska kawai ake ji. Bandar ya yi ta sa masa albarka, ya kawo masa gahawa da dabino, ya ce yau kansa zai huta.

Ba a yi mako ba Bandar ya kira shi da rana tsaka. Muhannad yana cikin wani shagon nama yana duba ɗakin sanyi. Suka gaisa, Bandar ya yi ta jan gaisuwar, yana tambayar Hajiya, yana tambayar aiki.

"Fankar ce ta sake lalacewa, ya ammi?" in ji Muhannad.

"A'a, lafiyarta ƙalau." Sannan ya tambaya, "Tsohuwar fa, kun zubar?"

"Tana wurin ajiya. Me ya faru?"

"In da hali ka dawo mini da ita."

Muhannad ya fito daga ɗakin sanyin ya tsaya a bakin titi, cikin rana. Ya tambaye shi dalili.

"Shekaruna da yawa a ɗakin nan, ya waladi, ɗana, ban taɓa jin tsoro ba," in ji Bandar, ya rage murya. "Amma akwai saura a nan da ba a zo nema ba. Da can ƙarar tana rufe komai. Yanzu ɗakin ya yi shiru, ina ji."

Muhannad bai tambaye shi abin da yake ji ba. Ya ce masa zai zo bayan la'asar, ya kuma roƙe shi ya buga masa hotunan waɗanda suka rage a takarda, zai zaga da su wurin mutanen Nakkasa da sauran unguwanni ko akwai mai gane wani. Bandar ya ce sai ya nemi izini, amma zai nema yau ɗin nan. Ya ce kafin nan zai ɗauki kujerarsa ya koma waje, bakin ƙofa, ya jira shi a can.